Tambayoyi da Amsoshi a Kan Muhawarar Daraktoci da Jera Finafinansu

A Jos, kamar a sauran garuruwan da ake kallon fim da Hausa, da wuya hirar fim ta yi nisa ba a kai ga tambayar wane ne ya fi wani ba. A da jarumai da mawaƙa kaɗai ake gwadawa, amma tun da finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube da tashar Arewa24, sunayen masu ba da umarni sun fara shiga bakin 'yan kallo, har ta kai ana jera ayyukansu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan tasowa a irin wannan zama. Duk inda amsa ta zama ra'ayina, na faɗa a fili, domin mai karatu ya san inda zai yi jayayya da ni.

Me ya sa za a yi ta magana a kan darakta, alhali jarumi muke gani a fim?

Wannan tambaya tana da tushe a tarihin kasuwarmu. Duk wanda ya tsaya a shagon masu tura finafinai a waya, a Dilimi ko a Bauchi Road, zai ji yaro ya miƙa wayarsa yana cewa, "Yaya, sa mini sabon na Adam Zango," ko wata baiwar Allah ta ce, "Malam, ina son wanda Rikadawa ya fito a ciki." Da wuya a ji wanda ya nemi fim da sunan wanda ya ba da umarni. Tun zamanin kaset, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai a Kano suke riƙe da akalar sana'ar, fuskar jarumi a jikin fasta da waƙar da ke cikin fim su ne suke sayar da shi, don haka su aka koya wa ɗan kallo ya riƙe. Mutane da yawa suna iya rera waƙar Sangaya ta 1999 har yau, amma kaɗan ne za su iya gaya maka cewa Aminu Muhammad Sabo ne ya ba da umarninsa.

Duk da haka, abin da jarumi ya yi ya burge ka ya biyo ta hannun wani ne. Darakta ne yake yanke inda za a kafa kyamara, da ko za a matso kusa da fuska ko a tsaya daga nesa, da ko jaruma za ta fashe da kuka ko za ta haɗiye shi, da lokacin da za a ce ya isa a wuce fitowa ta gaba. Yadi na marubuci ne, amma ɗinkin na darakta ne, kuma tela biyu ba sa fitar da riga iri ɗaya daga yadi ɗaya. Shi ya sa za ka ga jarumi guda ya yi rawar gani a wani fim, a wani kuma ya zama kamar yana karanto hadda.

Ta yaya zan gane hannun darakta a cikin fim?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi fitowa ɗaya, ka tambayi kanka ta wace hanya dabam aka iya ɗaukarta, sannan ka duba abin da aka samu da aka zaɓi wannan. Misalai sun fi dogon bayani amfani.

A cikin Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ɗan ƙasar Muritaniya, wanda ya fito a 2014, masu tsattsauran ra'ayi sun hana wasan ƙwallo a garin. Sai aka nuna samari a fili suna gudu, suna yanka, suna buga wa juna, mai tsaron raga yana tsalle, amma babu ƙwallo ko ɗaya a ƙafarsu. Babu wanda ya tsaya ya yi jawabi a kan zalunci, hoton ne ya faɗi komai. A cikin fim ɗin dai, bayan makiyayi ya kashe masunci a bakin ruwa saboda saniyarsa, kyamara ta ja baya can nesa, aka bar mu muna kallon mutum biyu ƙanana a cikin faɗin kogi, ɗaya yana ƙoƙarin fita, ɗaya yana faɗuwa. Darakta mara haƙuri da kiɗan tashin hankali da fuskar mai kuka zai cika wurin.

A Separation na Asghar Farhadi, ɗan Iran, wanda ya fito a 2011, yana buɗewa ne da mata da miji a zaune suna fuskantar kyamara, kowa yana kawo ƙorafinsa ga alƙalin da ba mu gani. Da wannan zaɓi guda an ɗora ɗan kallo a kujerar alƙali, kuma har fim ɗin ya ƙare ba a sauke shi ba. Parasite na Bong Joon-ho, ɗan Koriya ta Kudu, an gina shi a kan matakala: masu kuɗi suna sama, talakawa suna ƙasa, kuma daren da aka yi ruwan sama muna bin iyalin matalautan suna gangarowa mataki bayan mataki har su tarar da ɗakinsu ya cika da ruwa.

Idan mutum ya ce wane shi ne gwaninsa, a nemi ya kawo fitowa ɗaya irin wannan daga aikin gwanin nasa. Wanda ya iya kawowa, maganarsa ta cancanci a saurara ko da ba a yarda da ita ba. Wanda ya kasa, mai yiwuwa jarumin fim ɗin yake so, ko waƙar, kuma wannan ba laifi ba ne, sai dai wata muhawarar ce dabam.

Shin jera finafinai ba son rai ba ne kawai?

Akwai son rai a ciki, kuma babu wanda ya tsira daga gare shi. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya tana tambayar masharhanta na duniya finafinan da suka fi kyau a tarihi duk bayan shekara goma tun daga 1952. Citizen Kane ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 zuwa 2002, Vertigo ya karɓe a 2012, a 2022 kuma wani fim na Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, ya hau sama bayan an faɗaɗa yawan waɗanda ake tambaya. Finafinan ba su canza ba, masu zaɓen ne suka canza. Amfanin jerin ba ya cikin lambar da aka ba kowane fim, yana cikin dalilin da aka tilasta wa mutum ya kawo kafin ya ɗora wannan a kan wancan.

Me ya kamata a fara daidaitawa kafin a fara jerin?

A fara raba "wanda na fi so" da "wanda ya fi kyau", domin mafi yawan gardamar da ke ƙarewa da ɓacin rai daga cakuɗa waɗannan biyu take tasowa. Fim ɗin da mutum ya kalla yana saurayi a sinimar Kwararafa, ko a falon maƙwabta ranar sallah, yana da wuri a zuciyarsa wanda babu hujjar da za ta ture shi, kuma ba a bukatar ta ture shi. Sai a yi jeri biyu. Bayan haka a yarda a kan iyaka: shekarun da ake magana a kansu, da ko finafinan darakta ɗaya ake jerawa ko daraktoci ake gwadawa, da kuma sharaɗin cewa ba a saka fim ɗin da ba a kalla har ƙarshe ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka fi karyawa, musamman yanzu da mutum yake ganin tallan fim na minti biyu a TikTok ya ɗauka ya gama da shi.

To, wane darakta ne ya fi a Kannywood a wannan zamani?

Sunayen da suka fi fitowa su ne Aminu Saira, Falalu A. Ɗorayi, Ali Nuhu, Yaseen Auwal da Salisu T. Balarabe, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ƙarfin Aminu Saira yana wurin riƙe ɗan kallo da kuma fitar da abin da ke cikin ɗan wasa. Ya nuna ƙarfin hali tun a Ga Duhu Ga Haske, da kuma lokacin da ya ɗauko ƙissar As-habul Kahfi, aikin da yake bukatar sutura da wurare irin na zamanin da, alhali kasuwar ba ta saba biyan irin wannan ba. Labarina, wanda ya fara a 2020, shi ne ya sa mutanen da suka daina kallon fim ɗin Hausa suka dawo suna jiran ranar Juma'a. Idan ana neman shaidar hannunsa, a dubi yadda Baba Ɗan Audu na Labarina yake a hannun Rabi'u Rikadawa: mutum ne maƙaryaci mai cin amana, amma an bar masa isasshen sarari har ɗan kallo yana dariya da shi yana kuma jin haushin kansa don ya yi dariyar. Rauninsa, a ganina, shi ne jan labari fiye da ƙarfinsa, da maimaita kiɗan tausayi a inda shiru zai fi.

Falalu Ɗorayi ya fi kowa iya cika ɗaki da mutane ba tare da fitowar ta rikice ba. A Gidan Badamasi za ka ga 'ya'ya da yawa a gaban uba guda, kowa da bukatarsa da irin maganarsa, amma ba ka ɓata wane ne yake neman me. Masu raina barkwanci ba su san cewa daƙiƙa ɗaya idan aka ƙara ko aka rage kafin amsa ta fito, dariyar ta mutu ba.

Ali Nuhu a matsayin darakta ya gina gidansa a kan soyayya da waƙa irin ta Indiya, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Abin da ya kamata a ƙirga masa shi ne idon gano sababbin fuskoki, kamar yadda Mansoor na 2017 ya fito da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya a matsayin manyan jarumai. Salisu T. Balarabe kuwa, da Kwana Casa'in, ya nuna cewa za a iya yin fim ɗin siyasa da Hausa, a ƙirƙiri jiha sukutum mai suna Alfawa da gwamnanta da 'yan jaridarta da asibitinta, mutane su bi shi kamar labaran ƙarfe takwas.

Idan aka matsa mini, Saira nake sawa a gaba, Falalu na biye, saboda su biyun ne nake iya gane aikinsu ko da an rufe sunan. Amma wanda ya ɗora Balarabe a sama saboda nauyin abin da ya ɗauko, ba zan ce ya yi kuskure ba.

Ana iya jera fim mai dogon zango tare da fim na sa'a biyu?

Bai kamata ba. Fim na sa'a biyu ana auna shi da yadda ya rufe abin da ya buɗe, mai dogon zango kuwa sau da yawa ana fara haska shi kafin a san ƙarshensa, kuma yana canzawa da abin da ya faru a bayan fage: jarumi ya fita, mai talla ya shigo, 'yan kallo sun nuna sun fi son wani tauraro sai a ƙara masa fitowa. Lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, dole labarin ya lanƙwasa don ya karɓi sabuwar fuska. Adalci shi ne a jera zango da zango, a ce zango na kaza ya fi na kaza, a kuma yaba wa daraktan da ya san lokacin tsayawa.

Me ya sa mutanen Jos suke ganin suna da ta cewa a wannan muhawara?

Saboda garin ya daɗe da zama makarantar sana'ar. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, haka ma kwalejin talabijin ta NTA. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar a watan Janairun 2024, a Jami'ar Jos ya yi karatu. Sani Mu'azu, wanda matasa suka sani da Gwamna Bawa Maikada, ɗan garin ne kuma ya daɗe yana shirya fim kafin Kwana Casa'in.

Daraktoci biyu da suka taso daga Filato sun cancanci a jera ayyukansu da natsuwa. Izu Ojukwu ya yi Sitanda a 2006, wanda ya ba shi kyautar gwarzon darakta a AMAA, gasar finafinan Afirka, ta 2007, ya kuma ba Ali Nuhu kyautar jarumi mai tasowa; ya yi '76 a 2016, sannan Amina, labarin sarauniyar Zazzau, wanda ya fito a Netflix a 2021. Ni '76 nake sawa a sama, Amina a ƙasa, domin labarin da ya kamata a ji shi da Hausa an ba da shi da Turanci, kuma fadar da aka nuna ba ta yi kama da wadda Bazazzagi zai gane ba.

Kenneth Gyang, wanda ya yi karatu a Cibiyar ta Jos, jerinsa a wurina haka yake: Confusion Na Wa, sai Blood and Henna, sai Oloture. Na farkon, wanda ya zama gwarzon fim a AMAA ta 2013, an ɗaure shi ne a kan waya guda da ta ɓata ta faɗa hannun wasu samari biyu, daga nan rayuwar mutanen da ba su san juna ba ta sarƙe, kuma a ciki Ali Nuhu ya fito a ma'aikacin ofis mai sanyin hali da kowa yake takawa, matsayin da Kannywood ba ta cika ba shi ba. Blood and Henna ya taɓa gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma ƙarfin halin ɗauko wannan magana kaɗai ya isa a girmama shi. Oloture, labarin 'yar jaridar da ta ɓad da kama don ta tona asirin masu safarar mata, ya fi sauran kuɗi da kyan hoto da yawan masu kallo, amma a nan ne na fi jin hannun kamfani fiye da hannun darakta. Mutane da yawa suna juya wannan jeri, kuma hujjarsu ita ce ƙarshen Oloture da ya ƙi lallashin ɗan kallo. Hujja ce mai ƙarfi.

Adalci ne a gwada daraktan Kano da Christopher Nolan?

Idan girman aiki ake nufi, babu adalci. An kashe kimanin dala miliyan 100 a Oppenheimer, fim ɗin Nolan, babban daraktan finafinan Amurka, shi kuwa daraktanmu yakan ɗauki fim a gidan aro, da janareto yana ƙara a bayan katanga, da jarumin da wani lokeshin yake jira da yamma, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda take aiki tun 2001, a cikin lissafinsa. Amma akwai abubuwan da ba kuɗi suke saye ba: fitowar da ta san inda za ta fara da inda za ta ƙare, maganar da ta yi kama da ta mutane, sautin da ake ji ba tare da an ƙure murya ba. Farhadi ma ya yi finafinansa na Iran a ƙarƙashin tacewa mai tsanani, bai nuna mace da namiji suna taɓa juna irin ta soyayya a cikinsu ba, mafi yawan A Separation a cikin gida da farfajiyar kotu ne, amma ya karɓi Oscar a 2012 da 2017. Don haka idan za a nema wa Kannywood abokin gwaji, Iran ta fi Amurka dacewa, kuma wannan gwajin ya fi tsanani domin ya kawar da uzurin rashin kuɗi da na tacewa gaba ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wane fim ɗin Nolan ne ya fi?

Matasan da suke kallon finafinan Amurka sun fi rabuwa tsakanin The Dark Knight na 2008, Inception na 2010 da Interstellar na 2014, yayin da Oppenheimer ya samu Oscar bakwai a 2024, ciki har da ta gwarzon darakta. Ni Dunkirk na 2017 nake zaɓa. An saƙa lokaci uku ne wuri guda, mako ɗaya a bakin teku, yini ɗaya a cikin jirgin ruwa, sa'a ɗaya a sararin sama, kuma magana kaɗan ce a ciki, saboda haka babbar matsalar Nolan, wato sa 'yan wasa su tsaya suna yi wa ɗan kallo bayanin dokokin labarin, ba ta samu wurin zama ba. Memento na 2000 yana biye. Tenet na 2020 shi ne a ƙasa, domin wahalar fahimta ba ita ce zurfi ba.

Ina matsayin daraktocin Indiya, kuma fassarar Hausa tana hana a yi musu hukunci?

Bahaushe ya san fim ɗin Indiya tun kafin ya san nasa, amma shi ma da sunan jarumi ya san shi. S. S. Rajamouli ne ya fara karya wannan al'ada a wurin matasa, da Baahubali kashi biyu a 2015 da 2017, sannan RRR a 2022, wanda waƙarsa ta samu Oscar a 2023. Yana aiki ne da harshen Telugu daga kudancin Indiya, ba daga Mumbai ba. Masu son ƙawa da launi suna fifita Sanjay Leela Bhansali, mai Devdas da Bajirao Mastani, masu son dariya mai ɗauke da darasi kuma suna tare da Rajkumar Hirani, mai 3 Idiots da PK. Na fi karkata ga Rajamouli, saboda ko a tsakiyar yaƙin mutum dubu kana sanin wane ne yake ina da abin da yake nema, kuma shi ya iya rufe kashi na farko na Baahubali da tambayar da ta sa mutane jiran shekara biyu.

Game da fassara, wanda ya kalli Indiya-Hausa ya ga tsarin hoto da motsin kyamara yadda darakta ya yi su, amma bai ji muryar ɗan wasa ba, kuma sau da yawa mai fassara yakan cusa barkwanci a wurin da aka bari shiru da gangan. Yana da damar yin hukunci a kan labari da faɗa da rawa. A kan wasan jarumai da sauti kuwa, sai ya ga na asali.

Lambar yabo ba ta isa hujja ba?

Hujja ce, amma ba ta rufe magana, domin kowace gasa tana da ƙa'idojin da ba su shafi kyan fim ba. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga takarar Oscar saboda Turanci ya rinjayi maganar da ke ciki. Bayan haka Najeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda mafi yawansa da Hausa ne kuma aka ɗauka a Taraba, sannan a 2024 ta tura Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura. Babu wanda ya kai zagayen ƙarshe a cikinsu, kuma wannan bai rage musu komai ba, domin kaiwa can yana bukatar kuɗin tallata fim ga masu zaɓe a Amurka. A ɗaya ɓangaren, shigar My Father's Shadow na Akinola Davies cikin zaɓaɓɓun finafinan bikin Cannes na ƙasar Faransa a 2025, karo na farko ga Najeriya, ta isa ta sa mutum ya nemi fim ɗin ya kalla. Aikin lambar yabo ke nan: ta nuna maka ƙofa. Wanda yake Abuja yana iya zuwa bikin finafinai na Zuma da Hukumar Finafinai take shiryawa, ya ga waɗanda ake ba kyautar da idonsa.

Yawan masu kallo a YouTube fa, ko makin IMDb?

Yawan kallo yana nuna wanda ya isa ga mutane, ba wanda ya fi iya aiki ba, kuma yana bin sunan jarumi da ranar saki da arhar data. Makin IMDb kuwa, wato shafin intanet da ake ba finafinai maki, na waɗanda suka yi rajista suka zaɓa ne, kuma Hausawa kaɗan ne a cikinsu, saboda haka bai ce komai a kan finafinanmu ba.

Su wane ne ake mantawa da su a wannan muhawara?

Maƙwabtanmu, da kuma mata. Mutum zai jera maka finafinan Nolan goma amma bai taɓa jin sunan Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ba, wanda fim ɗinsa game da uban da ya miƙa ɗansa ga yaƙi ya samu kyautar alƙalai a Cannes a 2010. A Nijar akwai Rahmatou Keïta, wadda ta yi Zin'naariya a 2016, da Aïcha Macky, wadda ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram ta ɗauki rayuwar 'yan daba da bakinsu, da Hausar da kowannenmu zai ji. Mati Diop, mai tushe a Senegal, ta samu babbar kyautar alƙalai a Cannes a 2019 da kuma kyautar farko a bikin Berlin a 2024. A kudancin Najeriya Kemi Adetiba ta yi King of Boys a 2018. Kunle Afolayan ba a manta da shi, amma 'yan Arewa kaɗan ne suka san cewa a October 1 na 2014 marigayi Sadiq Daba ne ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa, a matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri da aka tura wani gari a ƙasar Yarabawa binciken kisan mata ana gab da samun 'yancin kai. A jerin ayyukan Afolayan shi nake sawa a gaba da The Figurine da Anikulapo.

Yaya za a yi idan dattijo ya ce finafinan da sun fi na yanzu?

A saurare shi, domin ya ga abin da saurayi bai gani ba. Na ji wani matashi a teburin mai shayi a Gangare ya ce wa ƙanin mahaifinsa, "Baffa, ai hoton naku duk dishi-dishi ne, sauti kuma kamar a cikin rijiya." Dattijon ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, amma ka kalli Wasila ka gaya mini ko akwai fitowar da za ka cire." Kowannensu yana da gaskiya a ma'auninsa, ɗaya yana auna kayan aiki, ɗaya yana auna tsarin labari.

Matsalar ita ce saurayin ba lallai ya samu fim ɗin da zai kalla ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa ƙarshen zamanin kaset da faifan CD an yi finafinan Hausa masu ɗimbin yawa, kuma da yawansu ba su da kwafi mai kyau a ko'ina, sai guntaye a YouTube da tambarin wani shago a kansu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a rumbun Hukumar Finafinai, aka gyara shi da haɗin gwiwar wata cibiya a Jamus, aka haska shi a bikin Berlin a 2018. Wannan fim ne da gwamnati ta san da zamansa, ina ga wanda wani matashi ya yi da kuɗin aljihunsa a 1997. Saboda haka duk wanda zai fitar da jerin gwanayen daraktocin Hausa, ya rubuta a samansa daga wace shekara zuwa wace shekara yake magana, wanda kuma yake da tsofaffin kaset a kwali ya nemi masu mayar da su cikin kwamfuta kafin damina ta gaba ta ƙarasa su.